Abin da ISO 9001 na 2015 ya koya mini a ma'ajiyar riɗi

Kamfaninmu riɗi da citta yake fitarwa waje. Ma'ajiyarmu tana Agege, kaya kuma ta tashar Apapa suke bi. Muna riƙe da shaidar ISO 9001 ta 2008, wato shaidar bin ƙa'idar duniya ta kula da ingancin aiki, sai sabon bugu ya fito a Satumban 2015, aka ba kowa shekara 3 ya sauya, wanda bai sauya ba shaidarsa ta tashi aiki a Satumban 2018.

Da farko murna aka yi, don an ji kundin inganci ya daina zama dole, wato jibgegen littafin nan da ba a karkaɗe masa ƙura sai masu bincike za su zo. Ashe da sauran rina a kaba. Tsohon tsari ya tanadi wakili guda da ake jibga wa komai, a wurinmu kuwa ni ne. Sabon ya soke wannan sharaɗi, ya mayar da nauyin wuyan shugabanni, don haka shugaban kamfaninmu, Alhaji, da kansa mai bincike zai zaunar ya yi wa tambayoyi. Tun daga nan kuɗin na'urar auna danshi suka fito ba tare da dogon roƙo ba.

Inda na fi ƙaruwa shi ne sashe na 6, mai maganar hango haɗari. A ofis mun cika takarda da gobara da ɓarayi. Da muka zauna da leburori da direbobi, shugaban leburori ya ce, "Yallaɓai, ruwa ne abokin gabarku." Riɗi yakan taso daga Jigawa a bushe, ya tarar da damina a Legas, sannan kwantena ta yi kwanaki a layin Apapa, a shekarun da tireloli suka cika har kan gadoji. Daga wannan zama muka fara auna danshi wurin saukewa da wurin lodi, muka ɗaga buhuna kan katako, kowane kaya muka liƙa masa lambar dillalin da ya kawo shi. Umarnin aiki ma muka mayar Hausa da Yarbanci, da hotuna, don na Turancin ado ne kawai a bango.

Sashe na 8.4, mai neman a riƙa tantance masu kawo kaya, shi ne har yau bai zauna ba. Dillalin da ya shekara ashirin yana hulɗa da Alhaji bisa amana, ka ce za ka ba shi maki, gani yake raini ne. Makin muna rubutawa, amma Alhaji ne ke kiransu a waya ya faɗa musu da lallashi.