Gardamar Faker a Kawo

Jiya da daddare a shagon ƙanena da ke Kawo, muna jiran a kawo wuta, gardama ta kaure kan Faker, ɗan Koriya ta Kudu mai buga wasan kwamfuta na League of Legends a ƙungiyar T1. Yaran shagon suka ce ya tsufa, hannunsa ya yi sanyi. Ni kam ban yarda ba.

A 2013, da ya fara cin kofin duniya, saurin yatsu ne makaminsa. Yanzu kuwa taswirar filin wasan yake karantawa: ya san inda abokin karawa zai ɓullo tun kafin ya ɓullo, ya san lokacin ja da baya. A 2023 da ya tafi jinyar hannu, T1 ta yi ta shan kashi. Da ya dawo, a shekarar suka ɗauki kofin duniya.