Daga Nima zuwa Keta, inda teku ke cin ƙasa

Kawuna ne ya ja ni tafiyar nan, shi albasa yake sarowa daga Anloga, ni kuma dama na daɗe ina jin ana cewa teku ya cinye Keta, wani gari a gaɓar tekun Ghana. Bayan asuba muka bar unguwar Nima ta Accra a trotro, wato ƙaramar motar haya, muka wuce Tema, muka haye gadar Sogakope, a Dabala muka karya dama. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, ruwa nan ciyawa nan, sai kwamin albasa ana ta ban ruwa.

A Keta abin da ya fara tsayar da ni shi ne Fort Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784, inda aka tsare bayi. Teku ya tafi da wani sashe nasa. Yanzu akwai manyan duwatsu da aka jera a gaɓa tun farkon shekarun 2000, sun taimaki garin kam, amma a Nuwamban 2021 ruwa ya sake shiga garuruwan yankin ya raba dubban mutane da gidajensu.

Ni dai bayan garin ya fi ɗaukar min hankali. A Anyanui muka shiga kwalekwale cikin itatuwan mangurof, masu saiwa a waje tana riƙe da laka. Ruwa ya janye lokacin, na zura hannu, baƙar laka ce mai sulɓi da warin ruɓaɓɓen ƙwai, ga ƙananan ƙaguwa suna ta faɗawa ramuka. Ashe lakar nan ita ce ran wurin. Duk cikar teku sai ruwa ya shigo da laka, saiwa ta tare ta, ganye ya ruɓe a kai, ƙasa ta ɗan ƙara tudu. Teku kuwa a duniya yana hawa kamar milimita 3 zuwa 4 a shekara, to in fadama na tara abin da ya kai haka ta tsira, in ba ta kai ba ta nutse. Masu bincike har farin gari suke barbaɗawa a kan lakar, su dawo daga baya su auna kaurin abin da ya rufe shi.

Na ce, Kawu to me zai hana ta tarawa? Ya ce, "Yaro, Akosombo mana." Kuma gaskiyarsa, tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965 yawancin yashi da lakar da kogin Volta ke kawowa can sama suke kwanciya. Ga kuma sara, na ga itacen mangurof tuli-tuli a bakin ruwa, da shi ake banda kifi, kuma wallahi ba zan zargi mai ciyar da iyali da shi ba, amma dai ana sarewa.

Ɗaya hanyar tsirar fadama ita ce ta ja da baya in ruwa ya matso, sai dai fa ta samu fili. A dawowa muka bi ta Sakumono, tafkin da ke cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci na duniya da ake karewa, tun 1992 tare da Keta da Songor da Densu, sai ga gidajen bulo har cikin ciyawar, wani ko rufi ba a yi ba an riga an zagaye shi da katanga.