Ranar da ba a auna ruwa ba, a bar gurbinta

Ƙanwata tana aikin kammala digiri kan ruwan sama a Kumasi. Ta kawo mini kwamfutarta gida Aboabo, wai zanen da ke nuna awon ruwan kowace rana ya haukace. Layin yana tafiya lafiya sai ya faɗa ƙasa har -999, damina gaba ɗaya ta matse ta koma kamar zare a saman shafi. Na'urar awon ce ke rubuta wannan lambar duk ranar da ba ta auna komai ba, ko batir ya mutu ko an ɗauke wuta. Bayanan NASA POWER, rumbun bayanan yanayi na hukumar sararin samaniyar Amurka, ma da -999 suke cike gurbi.

Ta ce, "Yaya, in mai da su sifili kawai?" Na hana ta. Sifili na nufin an duba, sama ba ta zubo ba. A Janairu, cikin hunturu, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma sifili a tsakiyar Yuni, ganiyar babbar damina, ƙarya ce, kuma zai ja lissafin watan ƙasa ba wanda ya lura.

Tun wajen buɗe fayil ɗin muka gaya wa pandas, manhajar da muke sarrafa bayanan da ita, ta hanyar zaɓin na_values, cewa -999 ba awo ba ne, ya mai da shi NaN, alamar da ke nufin babu lamba a wurin. Matplotlib kuwa, manhajar da ke yin zanen, in ya iso kan NaN sai ya katse layin ya bar fili. Haka nake so. Da mun goge ranakun da umarnin dropna, da ya ja layi ya haɗe gefe da gefe, mai karatu ya ɗauka an auna.

Inda ya fi cin mana lokaci shi ne jimlar wata-wata. Akwai watan da na'urar ba ta yi aiki ba sam, amma pandas ya tara ya ba mu 0, don sum, umarnin tarawa, tsallake NaN yake yi shiru. Sai da muka sa min_count=1, wato kada ya ba da jimla sai da awo ɗaya aƙalla, watan ya fito babu komai. Neman NaN ɗin ma da dabara: a ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda ta tsara lissafin lambobi a kwamfuta, NaN bai yi daidai da komai ba, har da kansa, don haka ==, alamar gwada daidaito, ba ya kama shi, sai umarnin isna.

A ƙarƙashin kowane wata muka rubuta yawan ranakun da ba a auna ba, watan da ya rasa fiye da rabi kuma muka ba shi launin toka.