In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Bayan girbin bara na je Dawanau na sayo buhun masara biyu da na gero ɗaya, wai don in huta da awon kullum. Na jingine su a sito, a ƙasa, jikin bango. Ba a rufa wata ba uwargida ta ce in dare ya tsala tana jin guje-guje a cikin silin kamar ana hawan Daushe. Na ce mata iska ce. Ranar da na ɗauko babbar rigata ta Juma'a na tarar an yi mata taga a kafaɗa, ranar na janye maganar iska.

Abin da kowa yake yi shi na fara yi. Na tare mai tallan maganin ɓera, irin masu yawo da lasifika ɗin nan, na sayi shinkafar ɓera na barbaɗa a lungu-lungu. Ta yi aiki kuwa, sai dai ɓera ba ya mutuwa inda ya ci. Bayan 'yan kwanaki ɗakinmu ya gagari zama saboda ɗoyi, sai da kafinta ya ɓalle silin ya zaro mushe biyu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da na ga autarmu, mai rarrafe a lokacin, ta nufi bayan firji inda na zuba maganin. A daren na kwashe shi kaf, kuma har yau bai sake shigowa gidana ba.

Gam ɗin ɓera ya kama ƙanana biyu da ƙadangare ɗaya, sannan ƙurar hunturu ta rufe shi ya zama kwali. Magen da muka aro kuwa ta cinye mana kifi ta kwanta barci.

Ana cikin haka Hajiyarmu ta zo mana kwana biyu daga cikin gari. Ta leƙa sito, ta ga tsabar da ta zube, ta ga kwanukan tuwon dare a bakin famfo suna jiran safiya, sai ta ce, "Kai ɗan nan, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka shirya walima kana mamakin baƙi?" Na ce, "To Hajiya, yaya za a yi?" Ta ce a samo mata toka.

Da daddare ta sa aka barbaɗa tokar siriri a gindin bango da bakin kowace ƙofa. Da asuba sawunsu ya fito sarai kamar rubutu a allo. Babbar hanyarsu ita ce kafar da ruwan tsakar gida yake bi ya fita kwata. Daga nan sai su bi jikin bango, su kutsa ta ƙarƙashin ƙofar sito, wasu kuma su hau bututun ruwa su shige silin. Akwai wata 'yar kafa a kicin inda mai aikin famfo ya huda bango bai liƙe ba, babban yatsana ma da ƙyar yake shiga, amma nan ma sawu ya nuna.

Na tafi Ƙofar Ruwa na sayo siminti da ragar ƙarfe mai ƙananan ido. Magini ya kafa ragar a bakin kafar ruwa, ya toshe ramuka da siminti haɗe da fasassun kwalabe, aka buga fallen kwano a ƙasan ƙofar sito. Tsumma ko katako ɓata lokaci ne, domin haƙorin ɓera ba ya daina tsiro, kullum neman abin gwaguya yake. Hatsin muka juye a durom na ƙarfe mai murfi, ƙananan kaya kuma a bokitai masu murfi daga Ƙofar Wambai. Wanke-wanke ya koma dare, shara ba ta kwana. Wannan dokar ita ta fi wuya, an ɗan sha ƙunƙuni kafin ta zauna.

Sai a lokacin tarko ya yi amfani, tunda babu wani abinci a fili. Ɓera yana da tsoron sabon abu, saboda haka na ajiye tarkuna a jikin bango da ƙuli-ƙuli har dare uku ba tare da na ɗana ba. Da suka saki jiki na ɗana. Cikin mako guda na kama tara. Gaggawar tana da dalili: cikin ɓera kusan mako uku ne kawai, in ka yi sanya sai ka wayi gari da jikoki.

Ƙanwar matata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta hana ni share kashinsu a bushe. Ta tuna min da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Wani ɓera mai yawan nonuwa ne yake ɗauke da ƙwayar cutar, tana fita ta fitsarinsa da kashinsa, kuma cutar ta fi tashi da rani. Ta ce, "Yaya, ka fara yayyafa ruwan bilic, ka rufe hanci, ka sa leda a hannu kafin ka taɓa mushe." Haka na yi, mushen na binne su. Rabin buhun geron da suka ɓata na zubar, raina yana suya.

Kwatar layinmu tana nan yadda take, cike da ledoji, gafiyoyi suna shawagi bayan isha'i. Duk ƙarshen wata nakan barbaɗa toka in duba. Makon jiya na zuba ta waje, a bakin kafar ruwa, da safe na ga sawu ya zo har jikin raga, ya yi 'yan kewaye-kewaye, ya juya ya nufi gidan maƙwabcina. Na auna masa faɗin ragar, ya ce Asabar zai shiga Ƙofar Ruwa.