Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Abin da Na Tarar a Barikin Carlisle

A makon jiya na tsaya a inda na sauka a garin Carlisle na jihar Pensilbaniya domin kwas a kwalejin yaƙi ta sojojin ƙasa na Amurka, wadda Muhammadu Buhari ya halarta daga 1979 zuwa 1980. Ban cika mako biyu ba na lura cewa zauren motsa jikin barikin yana ɗauke da sunan wani Thorpe, sai na tambayi dattijon da aka haɗa ni da iyalinsa domin su riƙa duba ni, ko wane janar ne wannan.

Dattijon ya yi murmushi ya ce: "Kanar, wannan ba janar ba ne, ɗan ƙwallo ne."

Daga bakinsa na ji cewa daga 1879 zuwa 1918 barikin makarantar kwana ce ta gwamnati, inda ake kawo 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa ke kira Indiyawa, a aske musu gashi, a sauya musu suna, a hana su magana da harshen iyayensu. Wannan makaranta ce ta fitar da ƙungiyar da ta riƙa karawa da manyan jami'o'i a ƙwallon Amurka, wasan da suke kira ƙwallon ƙafa alhali da hannu aka fi yin sa. A kakar 1912, ƙarƙashin mai horarwa Pop Warner, sun buga wasa 14, suka ci 12, suka yi canjaras da kwalejin Washington da Jefferson, jami'ar Pensilbaniya kaɗai ta doke su. Tauraronsu shi ne Jim Thorpe, wanda a bazarar wannan shekara ya ciyo zinare biyu a gasar Olamfik ta Stockholm.

Wasan da ya tsaya mini a rai shi ne na ranar 9 ga Nuwamba, da suka je West Point suka tarar da ɗaliban makarantar horar da hafsoshin soja a gidansu. Shekara 22 kacal ke nan da kisan da sojojin Amurka suka yi wa mutanen Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, a wurin da ake kira Wounded Knee, don haka yaran sun san ko su wa ke gabansu. Da sauri da dabarar ruɗa abokin karawa suka lallasa su da ci 27 da 6, kuma cikin waɗanda aka lallasa har da wani matashi, Dwight Eisenhower, wanda ya zama shugaban ƙasa a 1953.

Ni soja ne, kuma da kakin soja nake tsaye ina sauraro, amma zuciyata ba ta bi bayan masu kaki ba. Na tuna makarantar kwanan da na yi ina yaro, inda ake rubuta sunan duk wanda aka kama yana Hausa, a ba shi yankan ciyawa ranar Asabar. Ban ce abin ya kai nasu ba, domin mu muna komawa gida hutu, su kuwa da yawansu ba su koma ba.

Da yamma dattijon ya kai ni maƙabartar makarantar da ke gefen barikin, mai kaburbura fiye da 180, wasunsu ko suna babu a kai. Muna tsaye a wurin aka busa bigilar sauke tuta, na juya na ƙame kamar yadda aka koya mini.