Allon Safwan: abin da na tarar da na zauna zana iyakar Iraƙi da Kuwait daga takardun Turawa

Aikin da na sa a gaba shi ne zana iyakar arewacin Kuwait da Iraƙi, daga kwarin Baɗin har bakin teku, ba tare da kwafar taswirar kowa ba, sai abin da takardun zamanin Ingila suka faɗa. Samun takardun ba wuya. Fayilolin Ofishin Indiya na gwamnatin Ingila suna kan Qatar Digital Library kyauta: na wakilin Ingila a Kuwait a ƙarƙashin IOR/R/15/5, na Razdan, babban wakilinta a yankin Tekun Fasha, da ke Bushire ta Iran a R/15/1. Wasiƙun jakadansu na Bagadaza kuwa galibi suna jerin FO 371 a ma'adanar takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, kusa da Landan. Wajen bincike a gwada Koweit da Kuweit da Um Qasr, domin magatakardan lokacin ba su tsaya kan rubutu ɗaya ba.

Tushen layin gajere ne. Yarjejeniyar Ingila da Daular Usmaniyya ta 29 ga Yuli 1913, wadda yaƙi ya hana a tabbatar da ita, ta ja koren layi a taswira a matsayin iyakar Kuwait. A Afrilu 1923 Sir Percy Cox, babban kwamishinan Ingila a Iraƙi, ya amince wa mai mulkin Kuwait Shehu Ahmad al-Jabir da shi. A 21 ga Yuli 1932 firayim ministan Iraƙi Nuri al-Sa'id ya maimaita shi a wasiƙa, domin Iraƙi na shirin shiga ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, Shehun ya amsa a 10 ga Agusta. Abin da wasiƙar ta ce: layi ya bi Baɗin ya yi arewa zuwa wani wuri kudu kaɗan da daidai garin Safwan, ya karkata gabas ta kudancin rijiyoyin Safwan da Jabal Sanam da Ummu Ƙasr, ya bar su ga Iraƙi, har mahaɗar mashigan teku biyu, Khor Zubair da Khor Abdullah. Tsibirai takwas, har da Warba da Bubiyan, na Kuwait ne. Babu lambar awo ko ɗaya, babu taswira a maƙale.

"Kudu kaɗan" ɗin nan shi ya tsayar da ni, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Da na bi fayilolin in ga wane tsauni ko ginshiƙi ake nufi, sai na tarar duk iyakar ta rataya ne a kan allo guda da Manjo More, wakilin Ingila, ya kafa a 1923 a gefen tsohuwar hanyar Safwan zuwa Kuwait. Ba a yi masa awon da za a iya komawa kansa ba. An tumɓuke shi a Maris 1939. An mayar da wani a Yuni 1940, Iraƙi ta kai ƙara cewa an shigar da shi mita 250 cikin ƙasarta, aka sake cire shi. Daga nan kowa da ƙwaƙwalwarsa yake aiki. Wasu takardun suna cewa mil ɗaya kudu da dabinon ƙarshe na Safwan, alhali gonakin dabino sun ci gaba da miƙewa kudu, dabinon ƙarshe na bana ba shi ne na baɗi ba. Takardar Ingila ta Oktoba 1940 ta ce inda allon yake kafin Maris 1939. Ta Disamba 1951 ta ce mita 1,000 kudu da ofishin kwastan. Gwamnati ɗaya, wuri ɗaya, bayani daban-daban.

Ga abin da zan gaya wa duk mai son yin wannan aiki: kada ya fara da taswirar da milimita ɗaya ke wakiltar kilomita ɗaya. A kanta kaurin layin fensir kaɗai ya kai rabin kilomita, wato ya haɗiye rigimar baki ɗaya, sai mutum ya ɗauka takardun sun yi daidai da juna. A taswirar 1:25,000 ne bambancin mita 350 ke zama kusan milimita 14, ido ya gan shi. Sannan kowace takarda a ba ta nata layin da nata launin, a rubuta shekara a jiki. Haɗa su wuri guda shi ne ɓata aikin.

Me ya sa 'yan ɗaruruwan mita a cikin hamada suka zama abin kai ruwa rana? Tashar jiragen ruwa. Gaɓar tekun Iraƙi ba ta wuce kilomita 58 ba, yawancinta laka ce, Basra kuma tana can cikin Shaɗɗul Arab da ake raba shi da Iran. Bayan yarjejeniyar 1937 da ta ba Iran tsakiyar kogin a gaban Abadan, Bagadaza ta ƙara ƙaimi wajen neman wata mafita. A 1938 ministan harkokin wajen Iraƙi Taufiƙ al-Suwaidi ya kai maganar Landan: ko tasha a gaɓar Kuwait, ko a Khor Abdullah. Ingila ba ta so Iraƙi ta sa ƙafa a birnin Kuwait, musamman da aka samu mai a Burgan ta Kuwait a farkon shekarar, Sarki Gazi na Iraƙi kuma yana kiran haɗewar ƙasashen biyu ta rediyon fadarsa. Sai aka karkata hankali zuwa Ummu Ƙasr. Amma jirgin da zai shiga Ummu Ƙasr sai ya ratsa ta gaban Bubiyan da Warba, layin da ya taso daga Safwan kuma a gefen garin yake faɗawa ruwa. Idan ka matsa da farkonsa ko ƙarshensa kaɗan, wurin da za a kafa matsayar jirage ya sauya ƙasa.

A nan ne rabuwar fayilolin da na ambata take da amfani. Wakilin Ingila a Kuwait da Razdan suna amsa wa Gwamnatin Indiya, hankalinsu na kan haƙƙin Shehu. Jakadan Ingila a Bagadaza yana amsa wa Ma'aikatar Harkokin Waje, hankalinsa na kan kada a ɓata wa Iraƙi rai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Ingila suka gina tasha a Ummu Ƙasr don kayan da ake turawa Tarayyar Sobiyet, ofisoshin biyu ba su ma daidaita kan ƙasar da tashar take ciki ba. Bayan yaƙi aka kwance ta. Wanda ya karanta ɓangare ɗaya kawai zai fito da "matsayin Ingila" mai tsabta, alhali babu shi. A ganina wannan jan ƙafa ba rashin sani ba ne. Sun san allon ya ɓace tun 1939, suna da masu awo, kuma su ne masu faɗa a ji a ɓangarorin biyu.

A tsakiyar shekarun 1950 an kusa sasantawa. Iraƙi ta nemi a matsa mata iyaka kilomita huɗu kudu tare da Warba. Aka kawo shawarar haya ta shekara 99, Kuwait kuma ta samu ruwan sha ta bututu daga Shaɗɗul Arab. Shehu Abdullah al-Salim na Kuwait ya ƙi, domin yana son a fara kafa iyaka a ƙasa, kuma bai yarda ruwan shan mutanensa ya kasance a hannun maƙwabci ba. Kada a zana wannan layin a matsayin iyaka. Tayi ne da bai tabbata ba.

Wani tarkon shi ne hoton tauraron ɗan'adam. Ummu Ƙasr ta 1913 ƙaramin sansani ne da Turkawa suka kafa a 1902. Firayim ministan Iraƙi Abdulkarim Ƙasim ya aza harsashin sabuwar tasha a 1961, shekarar da Kuwait ta samu 'yanci kuma ya yi iƙirarin mallakarta, aka buɗe ta a 1967, gari da sansanin sojan ruwa suka yi ta faɗaɗa kudu. Wanda ya ja layi kudu da garin da ake gani a hoton yau ya ba Iraƙi abin da takardar ba ta ba ta ba. Haka nan mahaɗar Khor Zubair da Khor Abdullah: laka tana motsi, don haka sai da tsohuwar taswirar teku ta kusa da 1932.

Yarjejeniyar Iraƙi da Kuwait ta 4 ga Oktoba 1963 ba ta ƙara komai kan iyakar ba, wasiƙar 1932 ta sake nunawa. Shi ya sa hukumar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa bayan yaƙin 1991 ta dawo kan allon nan. Ta ɗauki awo biyu daga kusurwar kudu maso yamma ta katangar tsohon ofishin kwastan: mita 1,250, daga ƙorafin Iraƙi na 1940, da mita 1,609, wato mil ɗaya. Ta raba tsakiya, ta tsaya a mita 1,430. Da na yi lissafin da hannuna na ga haka ya fito, na daɗe ina mamaki: ginshiƙai 106 da aka kafa, da ƙudurin Kwamitin Sulhu na 833 na 27 ga Mayu 1993, da ɓangaren sansanin sojan ruwan Iraƙi da ya koma Kuwait, duk a kan matsakaicin zato biyu game da allon da ya ɓace.

A cikin ruwa, layin hukumar ya tsaya a alama ta 162 a Khor Abdullah. Abin da ke gaba da ita hukumar ba ta shata ba, kuma nan ne tashar Mubarak al-Kabir da ke Bubiyan da babbar tashar Faw ta Iraƙi ke fuskantar juna. A taswirata na bar wurin babu layi.