Kwana uku a gindin dutsen Uluru da tirelar kwana

Kai jama'a, hanyar nan akwai nisa. Daga garin Alice Springs zuwa Yulara, ɗan garin da ke kusa da katafaren dutsen Uluru a tsakiyar hamadar Ostareliya, kusan kilomita 450 ne, mu kuma ga tirelar kwana muna ja a bayan mota, mai gado da ɗan kicin a ciki, don haka ba maganar gudu, kuma duk sanda irin manyan motocin nan masu jan bodi uku suka gifta sai ka ji iskarsu ta jijjiga tirelar har cikin sitiyari. A Erldunda muka sha mai muka bar titin Stuart muka kama na Lasseter. Dole ka sauka daga titi kafin magariba saboda kangaru da shanu da raƙuman daji.

Can gaba yara suka hau ihu wai ga Uluru, ashe Dutsen Conner ne, da sauran tafiya.

Ba a yarda a kwana cikin keɓaɓɓen gandun da dutsen yake ba, sai a Yulara inda otal-otal da filin ajiye tireloli suke, nan muka jona wuta muka cika tankin ruwa. Watan Yuli ne, da rana lafiya lau amma da asuba sanyi har ƙashi.

Gaskiya kafin mu zo ina ɗan jin haushin hana hawa dutsen da aka yi tun Oktoban 2019, ina cewa mutum ya yi wannan doguwar tafiya sannan a ce sai dai kallo? To washegari muka zagaye shi a ƙafa, wajen kilomita 10, abu ne mai tsayin mita 348 ja wur, ga koguna da zanen mutanen da, ga tafkin Mutitjulu a lungu shiru kamar an hana magana. Wasu wuraren akwai allo kar a ɗau hoto saboda masu tsarki ne a wajen Anangu, masu ƙasar. A 1985 aka mayar musu da ita, amma suka shekara 34 suna roƙo a daina taka musu dutsen kafin a rufe hanyar hawan. Wallahi da na tsaya a wajen na ga tabon da ƙafafun mutane suka bari a jikinsa sai haushin nan ya fice min.

Da yamma muka je wajen kallon faɗuwar rana da flas ɗin shayi, dutsen ya yi ja, ya koma ruwan hanta, ƙaramar 'yata tana ta cewa Baba duba ya sake canzawa.